Tukunya lamba 15 a kan butelin kilo 6: abin da ya faru a wani gida a Bukoki

Gidan na haya ne a unguwar Bukoki ta Yamai, ba nisa da kasuwar Katako: ɗaki uku a jere, ɗan tsakar gida, sai ɗakin girki mai rufin kwano wanda bai fi mita 2 faɗi da mita 2 tsawo ba, taga ɗaya can sama kusa da rufi. Maigidan mutumin Adar ne, albasa yake sayarwa. Yana zaune da matarsa da yaransu, da mahaifiyarsa da ta zo daga ƙauye neman magani ta zauna, da wata ɗiyar ƙanwarsa mai shekara goma sha huɗu da ke taya aikin gida bayan makaranta.

Gidan ba baƙon gaz ba ne. Tun da matatar mai ta SORAZ a Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, butelin gaz ya shiga gidaje da yawa na Yamai waɗanda a da ice da gawayi kaɗai suka sani. Cikon butelin kilo 6 ya daɗe a kan sefa 1,800 a farashin hukuma, ko da yake a unguwa sai ka cika jika biyu, in ana ƙarancinsa kuwa sai yadda mai shago ya ce. Shi kuwa ice, wanda ake ɗauko wa birnin daga wurare irin su Torodi da Say, kullum ƙara tsada yake. Wannan gida yana da reshon tebur mai kai biyu haɗe da babban buteli, yana kuma da ƙaramin buteli na kilo 6, irin gajeren nan da ake murɗa masa kan wuta a baki kai tsaye, a ɗora masa ƙarfen zaman tukunya a wuya. Da su ake shayi, ake miya, ake dafa shinkafa da taliya. Tuwon gida kuwa a murhu ake yin sa a tsakar gida, a tukunyar alminiyam ƙirar Katako mai lamba 15 a jiki, wadda uwargidan ta zo da ita tun kayan aure.

Ranar da abin ya faru, tsakiyar damina ce. Baƙi sun sauka daga Tawa don bikin wani ɗan'uwa, bakin da za a ciyar da dare ya kai goma sha biyar. Ruwa ya sauko tun la'asar, icen da ke jibge a gindin katanga ya sha ruwa, tsakar gida ta zama tabki. Reshon tebur yana ɗauke da miya a kai ɗaya, nama a ɗayan. Sai uwargida ta ce wa yarinyar ta shigo da ƙaramin buteli cikin ɗakin girki, su ɗora babbar tukunya a kai.

Sun ɗora. Tukunyar ta zauna, amma zama na rabi da rabi, domin gindinta a kumbure yake, ƙarfen kuwa an yi shi ne don tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi. Ɗaya daga cikin haƙoran ƙarfen ya taɓa karyewa an yi masa walda, ya ɗan fi sauran gajarta. Aka buɗe wuta har ƙarshe don ruwan ya yi saurin tafasa. Iska na kaɗo ruwan sama ta ƙofa, sai aka saki labule, aka tura ƙyauren. Ruwan ya daɗe bai tafasa ba. Da ya tafasa aka yi talge, aka bar shi ya dahu. A nan ne yarinyar ta ce, "Tanti, kamar ina jin warin gaz." Uwargida ta sunsuna, ta leƙa reshon tebur ta ga wutarsa lafiya, ta ce ai warin sabon buteli ne. Ba sabo ba ne, ya kusa ƙarewa.

Aka zo tuƙi. Uwargida ta zuba garin masara, ta kama muciya da hannu biyu, yarinyar ta tsuguna ta riƙe kunnen tukunyar da tsumma. Tuwo ya fara kauri, muciya ta fara nauyi. A wani ja da aka yi, tukunyar ta zame ta ɓangaren gajeren haƙorin nan, ta tafi da ƙarfen, ƙarfen ya tafi da buteli. Tuwon da bai gama haɗuwa ba ya kwarara a ƙafar yarinyar daga ƙwauri zuwa tafin sawu. Butelin ya faɗi a kan gefensa, wutar da a da shuɗiya ce ƙarama ta zama jan harshe mai tsawon kamu biyu tana huci, ta lashi labulen ƙofa.

Maƙwabcinsu mai walda ne, ruwa ya hana shi fita. Ihun ya jawo shi. Ya fizge labulen ya jefa cikin ruwan tsakar gida, ya tsoma buhun algarara a randa, ya lulluɓe hannunsa da shi, ya tsaya ta bayan butelin inda harshen wutar bai nufa ba, ya murɗe makunnin. Wuta ta mutu nan take. Ya kashe reshon tebur, ya rufe babban buteli, ya fitar da ƙaramin waje ya tsayar da shi cikin ruwan sama. Duk wannan bai cika minti biyu ba.

Rigimar farko a kan ƙafar yarinyar aka yi ta. Tsohuwa ta ce a kawo man goge baki, wata baƙuwa ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, wata ta ce gishiri. Matar mai waldar, wadda ta taɓa aikin taimako a gidan likita, ta ce, "Inna, ku yi mini haƙuri, ruwa kawai." Ta zaunar da yarinyar a bakin ƙofa, ta sa aka riƙa kwarara ruwan randa a ƙafar ba tsayawa, tuwon da ya manne yana saki da kansa, ba a kankare shi ba. Ta cire mata sarƙar ƙafa kafin wurin ya kumbura. Minti ashirin ana zuba ruwa, tsohuwa na ta faɗa cewa ana ɓata lokaci. Sannan aka rufe ƙafar da tsaftataccen zane mara gashi aka sa ta a mota. Tuwo da talge sun fi ruwan zafi mugunta a fata, domin ruwa yana gangarewa, su kuwa mannewa suke yi suna ci gaba da dafa naman. Da an shafa man goge baki ko ƙwai, da zafin ya kulle a ciki, da kuma likita ya fara da wanke ƙazanta daga ɗanyen ciwo. Yarinyar ta warke bayan makonni na wanki da ɗauri, da tabo a ƙwauri.

Wa ke da laifi?

Da dare, bayan an dawo daga likita, kowa ya kawo nasa bayani. Tsohuwa ta ce gaz ba abin girkin mutanen kirki ba ne, tun farko ta faɗa. Maigida ya ce mai shagon da ke musanya musu buteli ne ya ba su mai yoyo, gobe zai same shi. Uwargida ta ce yarinyar ce ta saki kunnen tukunya. Baƙi suka rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

Ba mai jayayya da ƙaddara. Amma da gari ya waye, mai waldar ya nemi a fito masa da kayan gaba ɗaya, ya baje su a tsakar gida, abin da ya nuna kuwa bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin masu maganar ba.

Ya fara da ƙaramin butelin. Ya kwaɓa ruwan sabulu ya shafa a bakinsa ba tare da kan wuta ba: babu kumfa ko ɗaya. Butelin lafiya yake, mai shago ya fita. Ya murɗa kan wutar ya sake shafawa, sai ga kumfa na tasowa a mahaɗar. Ya kwance, ya zaro zoben robar da ke toshe tsakanin kan wuta da bakin buteli ya ɗora a tafin hannu. Zoben ya bushe ya yi tauri, gefe ɗaya ya tsage, ɗayan gefen ya narke ya baje. Wannan ne warin da yarinyar ta ji. Gaz ɗin girki shi kansa ba ya da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama yoyo tun yana kaɗan. Duk buteli mai wari, sabo ko tsoho, wani wuri yake zuba.

Abin da ya narkar da zoben shi ne tukunyar. A irin wannan buteli, tsakanin wuta da bakin da gaz ke fitowa bai fi tsawon tafin hannu ba. In tukunya daidai take da kan wutar, zafin yana bin gefenta ya tashi sama. In ta fi shi faɗi nesa ba kusa ba, sai ta zama rumfa: harshen wuta ya bugi gindinta ya baje, zafin ya dawo ƙasa kan makunni da zoben roba da kafaɗar butelin. Tukunya lamba 15 ta rufe butelin ruf, an kuma buɗe wuta har ƙarshe na tsawon lokaci. Fentin kafaɗar butelin ma ya nuna, ya yi duhu ya tattare.

Sai maganar nauyi, wadda a ganina ita ce uwar matsalar. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Babbar tukunya mai kauri, da ruwa, da gari, cikin sauƙi ta haura kilo 20. Butelin da ke ƙarƙashinta kuwa ƙarfensa ne kawai da ɗan abin da ya rage a ciki, tunda kusan duk kilo shidan da ke danne shi a ƙasa an ƙone su. Abin ya zama kamar ƙaramin yaro ɗauke da buhun gero a ka, ana kuma tura shi ta gefe. Tuƙin tuwo turi ne ta gefe, da ƙarfin damtse biyu. A murhu, duwatsu uku sun rungume kumburarren gindin tukunya, tana kusa da ƙasa, ko ka ja ta da ƙarfi ba inda za ta. Don murhu aka ƙera ta haka. Da yarinyar ta fi haka ƙarfi, da watakila ta jinkirta faɗuwar, amma tsumma a kunnen tukunya ba ya tsayar da kilo 20 da suka riga suka karkata. Abin da riƙon ya yi kawai shi ne ya ajiye ƙafarta a daidai inda tuwon zai zuba.

Wutar da ta tashi bayan faɗuwar ma tana da dalili. Abin da ke cikin buteli gaz ne da aka matse har ya zama kamar ruwa. A sama kaɗai yake zama iska, shi ya sa ba a cika buteli fal, ana barin wajen kashi 15 zuwa 20 cikin 100 fili. Muddin buteli na tsaye, iskar ce ke fita. In ya kwanta, ruwan na iya kaiwa baki, shi kuwa lita ɗaya tasa tana zama iska lita ɗari biyu da wani abu. Kan wutar da aka yi wa ɗan ƙaramin rami don iska ba zai iya da wannan ba, sai ya yi ta feso wuta. Masu kwantar da buteli ko girgiza shi ko jingina shi a karkace don su tatse ɗan sauran gaz ɗin ƙarshen wata, wannan suke gayyata.

Ɗakin da aka rufe

Akwai abin da bai faru ba a wannan dare, wanda ya fi abin da ya faru ban tsoro. Gaz ɗin buteli ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi ya fita ta tagar sama, ƙasa yake bi ya kwanta a kusurwa da ƙarƙashin tebur da cikin magudana. Yana kama wuta in ya kai wajen kashi 2 zuwa 9 cikin 100 na iskar wuri. Ɗakin girki mai mita 2 da 2 da tsayin mita 2 da rabi, rabin kilo na gaz ya isa ya kai shi gaba ɗaya wannan mataki, a ƙasa-ƙasa kuwa ko kusa da haka ba a buƙata. Yawancin abin da ake kira fashewar buteli a gidaje ba ƙarfen ne ke fashewa ba, ɗakin ne ke cika da gaz, wani ya ƙyasta ashana ko ya danna makunnin lantarki. A wannan gida an rufe ƙofa, an saki labule, taga tana sama, wuta uku na ci, zobe na yoyo. Yoyon ƙarami ne, wutar da ke kusa tana cinye wani abu daga ciki, shi ya sa aka tsira.

Rufe ƙofar yana da wata illar ta daban. Wuta uku a ƙaramin ɗaki suna cinye iska, wutar da ba ta samun isasshiyar iska kuwa tana fitar da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi, mai sa ciwon kai da jiri, in ta yi yawa ta kashe mutum yana zaune. Uwargida ta ce tun kafin tuƙi kanta ke sarawa, ta ɗauka gajiya ce. Alamar da ido ke gani ita ce launin wuta. Shuɗiya mai tsayawa cak tana ci daidai. Ja ko rawaya mai lilo, mai baƙanta gindin tukunya, tana nufin ramukan kan wutar sun toshe da miya da ƙura, ko tukunyar ta danne ta, ko ɗakin ba iska.

Game da abin da mai waldar ya yi, ya yi daidai, amma kada a ɗauke shi a matsayin ƙa'idar kowane lokaci. Ya isa wurin ne wuta ba ta wuce ƴan daƙiƙoƙi da tashi ba, harshenta yana nufar waje ba jikin butelin ba, makunni kuma yana inda hannu zai kai. Bai tsaya kashe harshen wutar ba, tushenta ya rufe, domin wutar da aka kashe gaz na ci gaba da fita ta fi wadda ke ci haɗari. Da wutar ta daɗe tana gasa jikin butelin, ko ta kama rufi, abin yi shi ne a fitar da kowa, a yi nisa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Tunda kaya na baje, ya duba reshon tebur, wanda ba shi da hannu a abin da ya faru. Tiyonsa ba na gaz ba ne, farin tiyon ruwa ne mai haske, an ɗaure bakinsa da yankin robar tayar babur. Ya bi ta bayan resho inda zafi ke dukansa, ya yi rawaya ya ƙandare. Tiyon gaz na gaskiya yana da rubutu a jiki, galibi har da shekarar da za a daina aiki da shi. Na roba shekara 5 ake ba shi, a zafin Yamai na watan huɗu da na biyar, lokacin da ake haura digiri 40, bai kamata a jira ta cika ba in ya fara tsagewa. Detandar ɗin, wato na'urar da ke bakin babban buteli tana rage ƙarfin iskar kafin ta isa resho, yana da kyau, irin wanda aka saba gani ne. Ya tambayi wata yarinya cikin yaran gidan yadda take kunna wuta, ta nuna: ta buɗe gaz, sannan ta juya neman ashana. Ya ce mata ashana tukuna, a kai ta bakin kan wuta, sannan a murɗa. In an gama girki a fara rufe buteli, wutar ta cinye abin da ke cikin tiyo ta mutu, sannan a rufe resho.

Tukwanen

Uwargida ta fi jin zafin maganar tukunya fiye da komai, domin ta ɗauka ana cewa ta jefar da kayan aurenta. Ba haka ba ne. Tukunyar Katako tana da abin yabo: kaurinta yana rarraba zafi, tuwo ba ya saurin kamu a cikinta, tana shekara da shekaru, in kunne ya karye maƙeri na nan kusa. Ƙananan lambobinta masu ɗan shimfiɗaɗɗen gindi suna zama lafiya a kan resho. Manyan ne ba su da wurin zama a kan ƙaramin buteli ko reshon tebur mai siririn kwano.

Akwai dai wata magana a kan irin waɗannan tukwane da ba ta shafi wuta ba. Ana narka su ne daga tarkacen alminiyam, gwangwani da sassan inji da abin da ya samu. Wani bincike da aka buga a 2014 kan tukwanen ƙirar gida a Kamaru ya gano cewa da yawansu suna sakin gubar dalma cikin abin da aka dafa, musamman mai tsami, wani kuma a 2017 ya sami irin haka a tukwane daga ƙasashe goma. Dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga ƙasar haƙar zinariya ta fito da yawa, ta tukunya kuwa kaɗan-kaɗan take shiga. Ga yara ƙanana ko kaɗan ɗin ba alheri ba ne. Ba kowane gida zai iya sauya tukwanensa ba, amma kowane gida zai iya daina barin miyar yakuwa ko ta tumatir ko kunun tsamiya su kwana a ciki, ya kuma ware tukunya ɗaya ta silba ko ta tangaran mai lafiyayyen fenti don abincin yara da abu mai tsami. Tukunyar da cikinta ya yi ramuka-ramuka ta gama aikin girki.

Sauran kayan da aka fito da su ba su ɗauki lokaci ba. Siraran tukwanen silba na kayan ɗaki suna zama daram a kan resho, amma gindinsu ba kauri, wuta mai ƙarfi tana ƙona abinci a tsakiya gefe bai dahu ba. Suna son ƙaramar wuta. Kaskon suya mai baƙin shafi, wanda abinci ba ya kama shi, cokalin ƙarfe ya kankare rabinsa. Irin wannan shafi yana fara lalacewa in zafi ya wuce digiri 260, abin da ke faruwa cikin ƴan mintuna in aka bar shi a wuta babu komai ciki. Tukunyar ƙasa ta tsohuwa, wadda take dafa magani a ciki, ba ta son wutar da ke dukan wuri ɗaya farat ɗaya, tsagewa take yi. Gawayi ya fi mata. Butar shayin maigida kuwa matsalarta akasin ta babbar tukunya ce, ta yi wa kan wutar ƙanƙanta, tana faɗawa tsakanin haƙora, harshen wuta na fita ta gefe yana lasar mariƙinta. Ma'aunin da mai waldar ya ba su mai sauƙi ne: gindi ya zauna a kan dukkan haƙoran ƙarfen ba rawa, wuta ta tsaya a ƙarƙashinsa kada ta hau gefe, faɗinsa kada ya wuce ƙarfen zaman da yawa, mariƙi kuma ya kalli bango ba hanyar yara ba. Da zancen suyar ƙosai ya taso, ya ƙara abu ɗaya: mai in ya kama wuta a kasko, murfi ake kifawa a rufe gaz. Ruwa a tafasasshen mai yana watsa wutar har rufi.

Abin da aka yi

Zoben roba da tiyon gaz da maɗaurai biyu na ƙarfe aka fara saya, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na wankin ciwo na mako ɗaya ba. Mai waldar ya ƙi sake gyara tsohon ƙarfen zaman tukunya, ya ce a sayi sabo. Ƙaramin buteli ya koma aikinsa na shayi da ɗumame da ƙananan tukwane, a ƙasa mai shimfiɗa, a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. An hana kewaye shi da kwali ko zane don kare iska. An yanka masa ɗan kwano mai tare gefe ɗaya, sauran gefen a buɗe don kada zafi ya taru.

Maganar babbar tukunya ta fi jan lokaci. Shawarar mai waldar ita ce a sayi reshon ƙasa, irin mai ƙafa uku na baƙin ƙarfe da masu sayar da abinci ke aiki da shi, gajere mai faɗi, a haɗa shi da tiyo da detandar da ya dace da shi, buteli ya tsaya can gefe nesa da wuta, shi kuma ya ƙera masa zoben ƙarfe da zai rungume kumburarren gindin tukunyar. Maigida ya ji kuɗin ya ce a bari sai albasa ta yi daraja. Uwargida ta ce, "Baban yara, to kafin nan in baƙi sun zo ana ruwa fa?" Aka tsaya a kan cewa za a riƙa ajiye damin ice biyu da rabin buhun gawayi a zaure duk damina, in kuwa sun ƙare, a raba tuwon tukunya biyu ƙanana ko a dafa shinkafa. Reshon ƙasan bai zo ba sai bayan kaka.

Ɗakin girkin yana nan yadda yake. An nemi mai gidan hayar ya yarda a huda bango daga ƙasa a sa raga don iska ta riƙa ratsawa, ya ce ɓeraye za su shigo, in kuma an tashi wa zai toshe masa. Abin da aka iya yi shi ne cire labulen ƙofar gaba ɗaya, da yanke ƙasan ƙyauren kamar faɗin yatsu huɗu, wanda mai waldar ya yi wata safiya ba tare da an sake tambayar kowa ba. An kuma fitar da babban buteli daga kusurwar da yake, aka matsar da shi kusa da ƙofa.

Tsohuwa ba ta sauya ra'ayi ba. Ba ta shiga ɗakin girki in gaz na ci, ta kuma ce tuwon reshon ƙasa ba ya ƙamshi. A kan ƙamshin ba a yi mata musu ba. Yarinyar ta koma girki, ita ce ma yanzu ke shafa ruwan sabulu a bakin buteli duk lokacin da aka musanyo wani, tunda kowane musanye buteli daban ake kawowa, wani sabo, wani ya sha duka a bayan mota. Sau ɗaya kumfa ta taso daga bakin butelin kansa tun ba a ɗaura komai ba, aka mayar da shi shago a tsaye a cikin baro, mai shagon ya sauya musu wani ba gardama.